Ip Man ya samu masu ɗaukar sa, su Kawu fa wa zai ɗauke su?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Ni dai mai karanta jaridarku ne tun da daɗewa daga nan Sakkwato, ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma dalilin rubutun wani zai ga kamar ƙaramin abu ne, fim ɗin Chanis, amma wallahi kwana biyun nan abin ya tsaya mini a rai har na ce bari in roƙi fili ko Allah zai sa wani mai iko ya gani.

Satin da ya wuce Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo asibiti duba ido ya kwana biyu a gidana nan Mabera. Tsoho ne, ya haura 80, mahauci ne gaba da baya kuma a zamaninsa ɗan dambe ne wanda anka sani a ƙauyukan gabashin Sakkwato. Bayan sallar isha'i an ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida muna kan tabarma, sai ga yarona mai shekara 13 ya lafe a gefe da waya yana kallon fim ɗin Ip Man na ɗaya wanda ya je aka tura masa a memori wajen masu turi na bakin titi. Ni har na buɗe baki zan yi masa faɗa sai Kawu ya ce, "Bar shi, miƙo in gani, mi an nan suka yi?" Yaro ya matso ya riƙe masa wayar dab da fuska saboda idon. Kawu ya yi shiru yana kallo har aka zo wajen da Ip Man ɗin ke karawa da wani baƙon malamin faɗa da ya zo daga arewacin Chaina yana bi gida gida yana dukan malaman garin. Sai na ji Kawu ya ce a maido baya. Aka maido. Ya sake cewa a maido. Karo na uku ya ce, "Wanga mutum ya san hannu. Duba ƙahwa tai, ba ya ɗaga ta banza, kuma gwiwar hannu tai ba ta barin haƙarƙari. Wa ya koya mai?" Nan take yaron nan ya ce Chan Wah-shun ne malaminsa, ya karanta a intanet. Kawu ya gyaɗa kai. Ni kuwa sai jikina ya yi sanyi, don na tabbata da za ka tambayi yaron nan wa ya koya wa kakansa da ke zaune kusa da shi dambe, ko da wane suna ake kiransa a fage, ba zai iya faɗa ba. Kuma ba laifinsa ba ne, ni ubansa ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba.

Mu da munka taso a shekarun 1990 mun san yadda fim ɗin Chanis ya shiga jininmu. Gidan kallo na langa-langa, benci, janareto na ƙara, kaset ɗin bidiyo ya sha hannu har hoton na rawa, ba mu jin ko kalma ɗaya amma mun san wane ne akto wane ne bos, kuma in aka tashi kowa sai ya bi hanya yana harba ƙafa sama. Duk mun ɗauka Chanis yare ɗaya ne. Sai da na girma na fahimci mafi yawan waɗannan finafinan a Hong Kong ake yin su, da harshen Kanton, wato yaren mutanen kudancin Chaina, lardin Guangdong da Hong Kong da Macau, wanda ya sha bamban da Mandarin na su Beijing har ma mai jin ɗaya ba lallai ya gane ɗayan ba. Kuma abin sha'awa Malam Edita, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya suna ce masa Gwanzu, shi ne babban birnin wannan lardin, kuma Foshan garin su Ip Man yana nan maƙale da shi, can ake sayo tayil da kujeru. Maƙwabcina a kasuwa ya je ya fi sau nawa amma bai taɓa sanin garin malaman faɗa ya taka ba sai da na gaya masa.

Shi Ip Man mutum ne na gaske, ba ƙirƙira ba. An haife shi a 1893 a Foshan, ɗan gidan masu hali ne, ya koyi salon faɗan da ake kira Wing Chun tun yana yaro, ya yi aikin ɗan sanda a garinsu. Japan ta afka wa Chaina a 1937, aka shiga wahala. A 1949 lokacin da 'yan gurguzu sunka karɓi mulki ya bar gida ya koma Hong Kong wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila, ya isa can ba shi da komai, ɗan masu kuɗi ya koma neman na abinci, ya fara koyar da ma'aikatan gidajen abinci. Cikin yaran da sunka bi ta hannunsa a shekarun 1950 akwai Bruce Lee. Ya rasu ranar 2 ga Disamba 1972, shi kuma Bruce Lee ya bi shi a watan Yulin 1973 yana da shekara 32 kacal, wata bakwai tsakani. Fim ɗin da Donnie Yen ya fito a matsayinsa ya fito a 2008, na biyu 2010, na uku 2015 wanda har Mike Tyson ya fito a ciki, na huɗu 2019. Kafin 2008 in ka cire masu koyon Wing Chun da masu bin tarihin Bruce Lee wa ya san shi a nan? Yau yaro a Mabera ya haddace sunan malaminsa.

Yara suna son wajen da ya ce a ba shi mutum goma ya kuma gama da su, ni ma ina so, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi kama ni a na ɗaya shi ne abin da ya biyo baya. Sojojin Japan na ba duk wanda ya ci wasa ƙunshin shinkafa, mutane na mutuwa da yunwa, shi kansa yana aikin kwasar gawayi don ya kai wa matarsa da ɗansa abin da za su sa a baki, amma da ya gama da mutum goman nan bai ɗauki shinkafar da anka jefo masa ba, ya je ya ɗauko ƙunshin nan mai jini na wani malami ɗan'uwansa da anka harbe, ya kai wa iyalin mamacin. Sannan a na biyu, yana zaune a saman rufin wani bene ya buɗe makaranta ba ɗalibi ko ɗaya, mata na shanya kaya a gefensa, matarsa da tsohon ciki, mai gida na bin kuɗin haya, kuma ko da ɗaliban sunka zo wasu ba su da kuɗin biya sai ya ce a bari sai wani lokaci. Duk wanda ya taɓa zama da malamin allo ko tsohon maƙeri ko mai ɗori ya san wannan fuskar, ta mutumin da ke da abu mai daraja a hannu amma aljihu ba komai kuma ba zai roƙa ba. Kalmar da ɗalibai ke kiransa da ita, sifu, ba malami kawai take nufi ba, akwai ma'anar uba a ciki. Mu ma ai haka muke cewa, ubangida, uban dambe.

To amma kada wani ya ɗauka duk abin da ke cikin fim ɗin tarihi ne, wannan kam dole in faɗa don na ji samari na musu a majalisa har da rantsuwa. Janar ɗin Japan da ya doke a bainar jama'a masu fim ne sunka ƙirƙiro shi. Damben da ya yi da Bature a na biyu haka. Tafiyarsa Amurka a na huɗu ita ma ƙari ce. Har matarsa ma, fim ya nuna tana tare da shi a Hong Kong har ta rasu a gabansa, alhali a gaske a Foshan ta ƙare rayuwarta a 1960, iyaka ta raba su. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tausayi fiye da yadda fim ya tsara, kuma da ni ne mai rubutawa da gaskiyar zan bi. Duk da haka ba na ganin laifinsu sosai, sun yi wa mutuminsu kirari ne da kyamara, kuma kirari dama ya gaji ƙari, wanda ya ji kirarin ya so mutumin shi zai je ya nemo asalin labari kamar yadda ɗana ya yi.

Kuma ba da Ip Man sunka fara ba. Tun 1949 mutanen Hong Kong ke yin fim a kan Wong Fei-hung, wani malamin faɗa kuma mai magani da aka haifa a 1847, yana da ɗakin magani a Gwanzu mai suna Po Chi Lam, yana ɗori yana gyaran targaɗe, wato hannun da ya iya karyawa shi ne kuma ya iya ɗorawa. Ɗan wasa guda, Kwan Tak-hing, ya fito a matsayinsa a finafinai sama da 70, tun ana yin hoto baƙi da fari. Jackie Chan ya yi shi yana matashi mai ƙiriniya a 1978, Jet Li ya yi shi a 1991 da dogon kitso da lema a hannu, wannan kam duk ɗan zamaninmu ya gani. Mutum ɗaya fa, shekara da shekaru suna juya labarinsa, kowane zamani da nasa, ba su gaji ba kuma ba su ce ai tsohon yayi ne ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu. A 1972, saura 'yan makonni Ip Man ya rasu, ciwon daji ya ci maƙogwaronsa, ya rame ƙwarai, ya sa aka kawo ƙaramar kyamara aka ɗauke shi a cikin ɗakinsa yana nuna salon nasa daki daki, har da yadda ake bugun gunkin katakon nan mai hannuwa uku da ƙafa ɗaya da suke atisaye da shi. Hoton na nan a YouTube kowa na iya gani, ba sauti mai daɗi ba ado, tsoho ne kawai siriri yana motsa hannu a hankali don kada abin ya bi shi kabari ko na baya su canza shi. Na nuna wa Kawu washegari da safe muna shan kunu. Ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba. Can sai ya ce wa yarona ya samo mai igiya. Aka kwance igiyar shanya. Ya miƙa hannun dama, hannun nan duk jijiya, yatsu biyu sun karkace tun wani karo da ya yi yana saurayi, ya dunƙule, ya sa tsumma, ya fara naɗi tun daga wuyan hannu yana ja da haƙori, hannun hagu na rawa amma naɗin bai kuskure ba ko sau ɗaya, kowane zagaye na kwanciya kan ɗan'uwansa. Ya tashi tsaye da ƙyar, ya ware ƙafa, ya miƙa hagu gaba tafin a buɗe, ya janye daman baya can ƙasa, ya sunkuya kaɗan. Malam Edita na rantse maka na ɗan lokacin nan ba tsoho mai ciwon ido nake gani ba. Ya ce wa yaron, "Hagu ita ad garkuwa, ita ka auna maka nisa. Wanda yab bari hushi ya riga hannu nai, an kashe shi tun ba a buga ba." Ya nuna yadda ake ruɗin abokin karo da kafaɗa, da yadda ake sanin mutum zai kawo duka daga kallon ƙafarsa ta baya. Minti biyar bai cika ba numfashi ya gaza, ya zauna. Ni kuma ina tsaye da waya a hannu, sai bayan ya kwance igiyar na tuna ban danna ɗauka ba. Wannan abin har yanzu yana ci na.

Dambe ba hauka ba ne kamar yadda wasu 'yan boko ke ɗauka. Yana da ƙa'ida, turmi uku ake yi, in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, akwai alƙali akwai masu raba. Yana da ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa. Yana da lokaci, da kaka in an kawar da amfanin gona 'yan dambe ke bin gari gari. Kuma yana da silsila irin wadda ta sa nake sha'awar 'yan Kanton, don ɗan dambe da sunan ubangidansa ake kiransa, Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, duk inda ya shiga fage sunan wanda ya ɗaura masa zare na tafe da shi. In ya yi abin kunya ba shi kaɗai ya jawo wa ba. Wannan ai makaranta ce, kawai dai ba a rubuta ba.

Dubi Shago. Babu Bahaushen da ya kai shekara 40 da bai san sunan nan ba, da karonsa da Ɗandunawa, kuma duk mun sani ne albarkacin bakin Ɗan Anace, mawaƙin nan namu na ƙasar Sakkwato. Da ba don waƙa ba da tuni an manta. Amma waƙa kirari take ba ka, ba ta nuna maka yadda mutum ke tsayuwa, ba ta gaya maka me yake ci, wa ya koya masa, yaya ya yi da iyalinsa in ya tafi yawon dambe wata da watanni, yaya tsufansa ya kasance da kiɗa ya daina tashi dominsa. Irin waɗannan su ne masu fim ɗin Hong Kong sunka kama sunka mai da nasu mutum abin so a duniya. Mu namu suna nan, wasu na zaune a bakin mahauta ana ba su sadakar ƙashi, wasu sun makance, waɗanda sunka ga Shago da idonsu sunka iya ba da labari kullum raguwa suke yi. Haka 'yan kokawa, ga maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe tasu da daraja, duk shekara ana gasar takobi ƙasa gaba ɗaya na sauraro a rediyo, mu nan har mutanen Illela da Gwadabawa sun fi sanin 'yan kokawar Nijar a kan na gida.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba, nan Sakkwato ce garin Shehu, za a ce dambe akwai layu da guraye da shaye-shayen magani da kiɗa da caca a gefe, me za a adana a ciki. Gaskiya ne akwai. Kawu da bakinsa ya gaya mini ranar da ya tara layunsa ya ƙone bayan ya dawo daga wani wa'azi, ya ce tun daga ranar bai sake ɗaura komai a damtse ba sai zare, kuma ya ci gaba da kisa yadda ya saba, a nan ya gane ashe atisaye ne da zuciya ke aiki. To wannan labarin ba shi ne ya kamata yaro ya ji ba? Ni ban ce a yi fim a wanke dambe tas a ce babu datti ba, cewa nake a nuna mutum yadda yake, da ƙarfinsa da kuskurensa da tubansa. In mun ƙi faɗa da bakinmu yaranmu ba za su daina kallon faɗa ba, na wasu kawai za su ci gaba da kallo, ko kuma guntayen bidiyon TikTok da ba a nuna komai sai inda mutum ya faɗi sumamme ana ihu.

Ina da ƙorafi biyu kuma zan faɗe su a gajarce. Na farko ga masu fassara finafinan nan zuwa Hausa, Allah ya saka muku kun sa iyayenmu mata da yara suna gane labari, amma don Allah ba kowane wuri ake sa barkwanci ba. Na ga wata fassara da anka mai da wajen da malami ke yi wa ɗalibinsa nasiha wajen zolaya da baƙar magana, an kashe ma'anar gaba ɗaya, alhali Hausa na da kalmomin girmamawa da sunka fi dacewa da wurin fiye da kowane yare da na sani. Na biyu ga masu shirya finafinanmu na Hausa, kuna da kyamara kuna da 'yan wasa kuna da masu kallo har Nijar da Ghana da Sudan da Saudiyya, labarin soyayya da kishiya da rikicin gado kun yi iyakar yi. Ba sai kun ɗaure mutum da igiya ya tashi sama ba, ba mu da kuɗin wannan kuma ba ma buƙata. Fili, ƙura, kalangu, rana ta yi sanyi, saurayi ɗan mahauta da ubansa bai so ya shiga fage, tsohon ubangida da ya ga wani abu a tsayuwarsa. Ku ɗauko 'yan damben gaske su koya wa jaruminku tsayuwa wata shida kafin a kunna kyamara, kamar yadda Donnie Yen ya zauna ya koyi Wing Chun kuma aka jawo ɗan Ip Man ɗin, Ip Chun, ya zama mai ba da shawara.

Amma fim abu ne mai tsada kuma zai ɗau lokaci, tsofaffin nan kuwa ba su da lokacin jira. Shi ya sa roƙona na gaske gare ku ne 'yan jarida, da ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu neman abin rubuta kundi, da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da gidajen rediyonmu na nan. Waya mai kyamara da kuɗin mashin sun isa. A je a zauna da su, a tambaye su wa ya ɗaura musu zare, su wa sunka kara da su, a wane gari, a bar su su tashi su nuna ko da minti biyu ne, a rubuta sunan kowa da garinsa a ajiye inda ba zai ɓace ba in waya ta lalace. Ku kuma Malam Edita ko rabin shafi ne ku ware a wata sau ɗaya, tsohon ɗan dambe ɗaya ko ɗan kokawa ɗaya, da hotonsa.

Kawu ya koma ƙauye ranar Lahadi, likita ya ce ya dawo bayan sati shida a yi masa aikin ido ɗaya. Da zai hau mota ya ce wa yarona in an yi hutu ya zo, akwai abokansa biyu da sunka rage a raye waɗanda sunka yi yawon dambe tare har cikin Nijar, ɗaya ma ya fi shi iya ba da labari. Yaron ya riga ya goge finafinai uku a memorinsa don a samu wuri. Ranar Asabar ta farkon hutu za mu tafi in Allah ya kai mu, kuma in kuna da wakili a Sakkwato da ke son zuwa, akwai wuri a motar, na bar lambata a ƙasan saƙon da na turo.

Wassalam,
naku mai karatu daga Mabera, Sakkwato.